Karate da Koyon Kare Kai ga Mata da Yara

A gundumomin Agiye, Gazawa da Gidan Rumji, mace ba ta wuni a wuri ɗaya. Tun da asuba tana hanyar rijiya ko famfo. Da hantsi ta shiga daji neman itace, ko ta gangara gulbi yankan kaba. Ran kasuwa tana tafe daga ƙauye zuwa Cadawa, Gangara ko Tibiri. Ɗiyarta kuma tana yawon talla lungu-lungu, ko ta bi hanyar gona ita kaɗai za ta makaranta. Yawancin waɗannan tafiye-tafiye ana yin su lami lafiya. Amma wani lokaci akan gamu da mugu, kuma a wannan lokacin ba miji a kusa, ba uba, ba jandarma. Abin da mace ta sani, shi ne kaɗai ke tare da ita.

Wannan bayani zai nuna mene ne karate, da bambancinsa da koyon kare kai, da abin da aka gani a ƙasashen da aka gwada koya wa mata da yara, da kuma yadda gari zai iya shirya nasa horon.

Mene ne karate?

Karate hanya ce ta faɗa da hannu da ƙafa, ba tare da makami ba. Ma'anar kalmar a harshen Japan ita ce hannu wanda ba ya riƙe da komai. Asalinsa daga Okinawa ne, wani tsibiri a kudancin Japan. Mutanen tsibirin suna da nasu damben gargajiya. Suna kuma fatauci da ƙasar Sin, suka koyo dabarun faɗa daga can, suka gauraya da nasu. Da farko ba kowa ake koya wa ba, malami yakan zaɓi almajirai kaɗan ne kawai. A farkon shekarun 1900 wani malami mai suna Anko Itosu ya sa aka shigar da shi cikin makarantun tsibirin domin motsa jikin yara.

Wanda ya fitar da karate duniya ta san shi, almajirin Itosu ne, Gichin Funakoshi, wanda aka haifa a 1868 ya rasu a 1957. Malamin makaranta ne, gajere, kuma yana yaro ba ya da cikakkar lafiya. A 1922 ya je birnin Tokyo ya nuna wasan, daga nan ya zauna yana koyarwa. Babban abin da ya yi ta nanata wa ɗalibansa shi ne kada mai karate ya zama shi ne ya fara kai hari. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya ƙare a 1945, karate ya bazu zuwa Amurka da Turai da Afirka. An yi gasar duniya ta farko a Tokyo a 1970.

Koyon karate kashi uku ne. Akwai kihon, wato tushe: yadda ake tsayuwa, da naushi, da shuri, da tare duka. Akwai kata, jerin motsi da ɗalibi yake haddacewa ya yi shi kaɗai, kamar yana fafatawa da abokan gaba da ba a gani. Sai kumite, inda mutum biyu suke gwada juna bisa doka, da alƙali a tsakani. Ana gane matsayin ɗalibi da launin ɗamarar da ya ɗaura. Sabon shiga fara yake ɗaurawa. Kafin a kai ga baƙa, sai an yi shekaru ana zuwa horo ba fashi.

Da yawa a cikinmu a gidan bidiyo muka fara ganin irin wannan faɗa, a finafinan Burusli da makamantansa, inda mutum ɗaya yake kayar da ashirin. Wannan wasan kwaikwayo ne. Shi kansa Burusli ba ɗan karate ba ne, faɗan Sinawa ya koya.

A nan gida

Faɗa bisa doka ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Muna da kokawa, muna da dambe, yara suna da langa. Tun 1975 ake gasar takobin kokawa ta ƙasa, kuma ɗan Maradi, Yakuba Kantu, shi ne ya ɗauki takobin farko a Tawa. Duk wanda ya taɓa kallon kokawa ya san ba kullum mai jiki ne yake kaye ba. Sau da yawa dabara ce take aiki. Sai dai waɗannan wasanni na maza ne. Yaro yana tasowa ya san yadda ake riƙo da yadda ake suɓucewa, ƴar'uwarsa kuwa ba wanda ya taɓa nuna mata.

Wasannin faɗa na ƙasashen gabas ma sun samu gindin zama a Nijar. Akwai hukumar karate ta ƙasa a Yamai, akwai ta judo da ta taekwando. Taekwando ɗan'uwan karate ne daga ƙasar Koriya, ya fi ba da ƙarfi ga shuri. Da shi ne Abdul Razak Isufu Alfaga ya ciyo wa Nijar lambar azurfa a wasannin Olimfik na Riyo a 2016, ya kuma zama zakaran duniya a 2017. Kafin shi, lambar Olimfik ɗaya tak ƙasar take da ita, ta tagulla, wadda ɗan dambe Isaka Dabore ya samo a 1972.

Mata ba a bar su a baya ba. A wasannin Olimfik na Tokyo da aka yi a 2021, wata ƴar ƙasar Masar, Feryal Abdul'aziz, ta ci lambar zinariya a karate. Ita ce mace ta farko daga Masar da ta taɓa cin zinariya a Olimfik. Tun 2013 hukumar karate ta duniya ta yarda mata su shiga gasa da kansu a rufe, kuma matan Iran haka suke shiga. A birnin Amman na ƙasar Jodan, wata mata mai suna Lina Khalifa ta buɗe makarantar koyon kare kai ta mata zalla a 2012. Saboda haka zancen cewa abin bai dace da mace mai sutura ba, ba ya da tushe.

Karate daban, kare kai daban

A nan ne mutane suke yawan ruɗewa. Karate wasa ne da tarbiyya ta shekaru. Yana ƙarfafa jiki, yana koya wa yaro haƙuri da ladabi da natsuwa. Amma a filin gasa akwai alƙali, akwai doka, kuma ana haɗa mutum da sa'ansa. Mugu ba ya zaɓen sa'ansa. Yana zaɓen wadda ya fi ƙarfi, a wurin da ba kowa, a lokacin da ba ta shirya ba.

Koyon kare kai kuwa gajeren horo ne, na kwanaki ko makonni. Ba a nufin mace ta kayar da namiji ko ta yi masa duka. Abin nufi shi ne ta gane haɗari tun daga nesa, ta hana shi kusantowa, in kuma ya riga ya iso ta samu ta kuɓuce ta gudu. Mafi yawan darasin na ido ne da baki da ƙafa. Hannu shi ne na ƙarshe. Malaman karate da judo da taekwando sukan koyar da shi, domin sun san jiki da motsinsa, amma ba duk mai baƙar ɗamara ne ya iya wannan koyarwa ba.

Abin da aka gani a wasu ƙasashe

An fi gwada wannan horo a Nairobi, babban birnin Kenya, a unguwannin talakawa irin su Korogocho, inda fyaɗe ya yi yawa. Ƙungiyar Ujamaa Africa da takwararta No Means No Worldwide sun shirya darasi shida, kowanne na awa 2, wato awa 12 gaba ɗaya, ana koyar da shi a makarantu. A binciken da aka buga a 2013, kafin horon kusan ƴan mata 25 cikin 100 sun ce an ci zarafinsu a shekarar da ta gabata. Wata 10 bayan horon, adadin ya sauko zuwa 9 cikin 100. A cikin waɗanda ba a horar ba, adadin bai canja ba. Fiye da rabin waɗanda aka horar sun ce sun yi amfani da abin da suka koya sun tsira.

Abin lura shi ne, rabin waɗanda suka tsira ɗin da baki kawai suka tsira, ba su ɗaga hannu ba. Masu iya magana sukan ce ƙarfin mata sai yawan magana, da nufin raini. To, ashe maganar makami ce, in an san inda za a ajiye ta.

A ƙasar Kanada an yi irin wannan gwaji da ɗalibai mata 893 na jami'o'i uku, aka buga sakamakon a 2015. A cikin shekara guda, kusan 10 cikin 100 na waɗanda ba su samu horo ba an yi musu fyaɗe. A cikin waɗanda suka samu horon awa 12, kimanin 5 ne cikin 100. A Malawi ma an ga raguwa a binciken da aka buga a 2018. Har tsofaffin mata na Korogocho sun kafa ƙungiyarsu suna koyon kare kai, domin miyagu ba su ƙyale su ba su ma.

Sai dai gaskiya ɗaya ce. Wani babban bincike da aka sake yi daga baya a makarantun firamare na Nairobi, inda yaran suka fi ƙanƙanta, bai ga bambanci tsakanin waɗanda aka horar da waɗanda ba a horar ba. Wannan ya nuna horon yana taimako, amma ba laya ba ne. Ƙaramar yarinya ba za a ɗora mata nauyin tsaron kanta ba. Nauyin yana wuyan manya.

Daga ina haɗarin yake fitowa?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa kusan mace 1 cikin 3 a duniya ta taɓa gamuwa da duka ko cin zarafi a rayuwarta. A Nairobi da sauran wuraren da aka bincika, yawancin masu aikata wannan ba baƙi ba ne. Sanannu ne: saurayi, maƙwabci, ɗan'uwa, mai shago, wani lokaci ma wanda aka ba amanar yaro. Da ɗan gari akan ci gari.

A yankinmu, wuraren da ya kamata a sa wa ido sanannu ne ga kowa. Akwai talla, musamman ta dare, da shiga zaure ko ɗakin samari karɓar kuɗi. Akwai dajin itace da ciyawa, da hanyar gona lokacin da hatsi ya rufe. Akwai hawan kabu-kabu da almuru. Akwai kuma ƴan matan ƙauye da suka ci jarrabawa aka kai su kwaleji a Agiye ko Gazawa ko Gidan Rumji, suna zaune a gidan wani, nesa da iyayensu. Yara maza ma ba su tsira ba, musamman almajirai da masu aikatau, sai dai su ba a cika jin labarinsu ba.

Wani abu da yake taimakon mugu shi ne tarbiyyarmu mai kyau, in ba a yi mata iyaka ba. Muna koya wa yaro kada ya yi wa babba musu, kada ya ƙi aike, kada ya ɗaga murya. Muna koya wa ɗiya kunya. Duk wannan daidai ne. Amma mugu ya san da haka, kuma da shi yake farauta. Ya san in ya ce "zo nan" za ta zo, in ya ce "kada ki faɗa wa kowa" za ta yi shiru. Don haka dole yaro ya ji daga bakin iyayensa cewa akwai inda ladabi ya ƙare: duk babban da ya nemi keɓewa da shi, ko ya taɓa masa al'aura, ba shi da sauran girma a wannan lokacin.

Abin da ake koya

Darasin farko shi ne lura. Mugu ba ya faɗowa daga sama, yakan gwada ruwa tukuna. Ya yi kyauta ba dalili, ya saye tallar duka, ya yi wasan banza ya ga ko za a tsawata masa, ya nemi a biyo shi wani wuri. In zuciyarki ba ta kwanta da mutum ko da wuri ba, ki bi zuciyarki, ba sai kin samu hujja ba. A je daji a ƙungiya, a dawo a ƙungiya, domin sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. In gajeriyar hanya ta ratsa ta kango ko kwazazzabo, a bi doguwa. Hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Na biyu shi ne murya, kuma shi ne ya fi wuyar koyo. Mace da yawa ba ta taɓa yi wa namiji tsawa ba a rayuwarta. A wurin horo ana sa mata su tsaya su dubi idon juna, su ce "A'a!", "Tsaya nan!", "Kada ka taɓa ni!" da iyakar ƙarfinsu, sau da yawa, har abin ya zame musu jiki. Ranar farko dariya ake yi ana rufe fuska da mayafi. Zuwa rana ta uku sai an ji su a bayan gari. In kin san mutumin, ki kira sunansa da ƙarfi, domin ba abin da yake tsoro kamar tonon asiri. Ki yi kururuwa ki ce jama'a su kawo ɗauki. Yin ƙarya don tsira ba laifi ba ne: ki ce ga wanki nan tafe, ko ki ce kin yarda amma bari ki ajiye kaya, ki samu ki fice.

Na uku shi ne gudu. A yar da tulu, a yar da farantin talla, a yar da takalmi in yana hana sauri, a nufi inda mutane suke. A nan iyaye suna da aiki. Yarinya takan tsaya kare farantinta don tsoron dukan da za ta sha a gida in ta koma ba kuɗi. Ku gaya mata tun yau cewa ranta da mutuncinta sun fi ƙosai da goro.

Sai na huɗu, in an riga an kama ki, ba hanyar gudu. Ba a kokawa da wanda ya fi ki ƙarfi, domin in aka sa ƙarfi da ƙarfi shi ne zai yi nasara. Ana neman inda jikin kowane namiji yake da rauni komai girmansa: ido, hanci, maƙogwaro, gaba, gwiwa da yatsun ƙafa. In ya riƙe miki wuyan hannu, kada ki ja da baya. Ki murɗa hannunki ta wajen babban yatsansa, nan ne riƙon ya fi sako-sako, ki fizge. In za ki buga, ki buga da gindin tafin hannu a hanci ko haɓa, domin dunƙulen wanda bai saba ba yakan karye masa yatsu. In ya rungumo ki ta baya, ki saki nauyinki ƙasa, ki taka masa ƙafa da diddige, ki kai masa gwiwar hannu a ciki, ki buga masa ƙeya a fuska. In ta gaba ne, gwiwar ƙafa a gabansa. Cizo da yaƙushi da watsa ƙasa a ido duk suna cikin lissafi. Abin da ke hannunki, ko taɓarya ko muciya ko bokiti, ki sa shi tsakaninki da shi. Da zarar ya sake ki, ki gudu, kada ki tsaya ƙari.

Matan karkara suna da abin da matan birni da yawa ba su da shi. Hannun da yake daka kullum, yake jan guga daga rijiya mai zurfi, ba rarraunan hannu ba ne. Abin da ya rage shi ne sanin inda za a kai shi, da kuma yarda a zuci cewa an halatta. Karanta wannan a takarda ba ya isa. Sai an yi ta maimaitawa da malami, ana bugun matashin kai ko buhun ƙaiƙayi, kafin jiki ya riƙe.

Game da yara ƙanana

Yaro ɗan shekara 6 ko 8 ba ya iya dukan babba, kuma bai kamata a sa masa wannan tunani ba. Abin da ake koya masa kaɗan ne: ya ƙi, ya yi ihu, ya gudu, ya faɗa. A koya masa cewa wuraren da wando da riga suke rufewa nasa ne, ba mai taɓawa sai uwa wajen wanka ko likita a gaban iyaye. A koya masa kada ya karɓi alawa ko kuɗi a ɓoye, kada ya shiga ɗakin kowa don an ce ya zo ya karɓi saƙo. Mai talla ta tsaya a ƙofa, mai saye ya fito da kwanonsa. A sa yaro ya ambaci manya uku da zai iya gaya wa damuwarsa, domin in ɗaya bai saurare shi ba ya je wurin na biyu.

Wanda yake kusa da inda ake koyar da karate, yana iya sa ɗansa ko ɗiyarsa tun suna shekara 6 ko 7. Ba ya sa yaro ya zama mafaɗaci in malamin na kirki ne, domin da gaisuwa ake fara darasi, da ita ake rufewa, kuma malami na gari yakan hukunta ɗalibin da ya kai faɗa unguwa.

A Kenya ba ƴan mata kaɗai aka koya wa ba. An yi wa samari nasu darasin, kan girmama mace da kuma yadda za su shiga tsakani in sun ga ana cin zarafin wata. Garin da ya horar da ɗiyansa mata ya bar samarinsa, rabin aiki ya yi.

Inda hannu ba ya da amfani

Tun 2019 dubban mutane suka tsallako daga jihohin Zamfara da Sakkwato da Katsina zuwa jihar Maradi, suna gudun ƴan bindiga. Gundumar Gidan Rumji ta karɓi da yawa daga cikinsu, kuma Hukumar Kula da Ƴan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta mayar da wasu garuruwan da suka yi nesa da iyaka, irin su Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori. Ƙauyukan bakin iyaka su ma sun sha fama da satar shanu da satar mutane.

A faɗi gaskiya, ba karate ba, ba wata dabarar hannu da take maganin bindiga. Duk malamin da ya ce zai koya muku ƙwace bindiga a kwana uku, ku guje shi. In an ji harbi, a ɓuya ko a gudu tun da nisa. In mai makami ya ce a ba shi kuɗi ko waya ko dabba, a ba shi. Haka in ɓarawo ya zaro wuƙa don dukiya. Abin da yake amfani a nan shi ne shirin gari tun kafin abu ya faru: kowa ya san alamar gargaɗi, yara su san inda za a haɗu in an watse, a kuma sanar da jami'an tsaro da wuri.

Yadda gari zai shirya horo

Ba sai an gina ɗaki ba, ba sai an sayi fararen kaya ba. Filin makaranta bayan an tashi, ko tsakar gida mai katanga, ya isa. Zane da wando a ciki da hijabi sun wadatar, kuma ya ma fi kyau a koya da tufafin da ake yawo da su kullum.

Wurin da ya fi sauƙin farawa shi ne inda mata suka riga suka saba taruwa. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda suka faro a nan jihar Maradi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, suna zaman asusu kowane mako. Shirin Illimin, wanda aka fara a 2013 don ƴan mata masu shekara 10 zuwa 19, ya saba da tara su wuri ɗaya ƙarƙashin jagorancin mace. Ajin yaƙi da jahilci ma wuri ne. Ana iya ƙara awa guda bayan an rufe asusu ko an ajiye alli.

A fara da neman yardar mai gari da liman da mazaje. A yi musu bayani dalla-dalla, in ya yiwu a gayyace su su ga darasin farko. Wasu mazan sukan ji tsoron kada matansu su koyi dukansu. A nuna musu cewa abin da ake koya na tsira ne daga wanda zai keta mutuncin gidansu. Malaman addini sun san kare rai da mutunci yana cikin abubuwan da shari'a ta wajabta. Dokar ƙasa ma ta yarda mutum ya kare kansa ko waninsa a lokacin da ake kawo hari, muddin bai wuce gona da iri ba. Bin mutum daga baya don ramuwa kuwa ba kare kai ba ne, laifi ne.

Zaɓen malami shi ne wurin taka-tsantsan. Mace ta fi dacewa ta koya wa mata. In ba a samu ba sai namiji, to a tabbatar hukumar wasansa ta san da shi, a tambayi ofishin matasa da wasanni na gunduma. Kada ya keɓe da ɗaliba ko yaro ko sau ɗaya, kuma kullum a samu dattijuwa biyu zaune a wurin. Abin da ya fi ɗorewa shi ne a zaɓi mata biyu ko uku masu himma a horar da su sosai, su riƙa koya wa saura. A yi horon da sanyin safiya ko bayan la'asar, a ajiye ruwan sha, a kauce wa lokacin shuka da girbi. Mai ciki da mai jego da mara lafiya su zauna darasin lura da murya, su bar na bugu. A riƙa maimaita darasin bayan ƴan watanni, domin abin da ba a taɓawa yakan gudu.

In abin ya riga ya faru

Wani lokaci mace takan yi duk abin da ta koya, a fi ƙarfinta. Wani lokaci kuma tsoro yakan sa jiki ya sandare, ta kasa ko motsi ko ihu. Haka jikin ɗan Adam yake, har sojoji yana samunsu. Ba yarda ba ce, kuma ba laifinta ba ne. Mutane sukan ce in ɓera da sata daddawa ma da wari. Wannan karin magana ba ta da wuri a nan, domin ita ce take sa a rufe bakin yarinya, mai laifi ya koma kan wata.

A kai ta asibiti nan take, ko CSI mafi kusa ko asibitin gunduma. Maganin da yake hana kamuwa da cutar sida sai an fara sha cikin awa 72, wato kwana 3, kuma gara tun ranar farko. Maganin hana ɗaukar ciki yana aiki har kwana 5. In za a iya, kada ta yi wanka ko a wanke tufafinta kafin likita ya duba, domin shaida ce. A nemi takardar likita. Daga nan a kai ƙara wurin jandarma ko ƴan sanda, lambar wayar ƴan sanda 17 ce. In yaro ne, a sanar da kwamitin kare yara na gari ko ofishin kula da mata da yara na gunduma. Kada a yarda a kashe maganar a zaure da ƴan kuɗi, kada kuma a ɗaura mata aure da wanda ya cuce ta. A samu mace ɗaya da ta amince da ita, uwa ko inna ko ya, ta raka ta duk inda za a je, ta kuma kwana tare da ita.